Daga Ahalari zuwa Excel: tarihin "gaskiya" da "ƙarya" a cikin kwamfuta

A ƙarshen shekarar karatu ta bara waccan, wani dattijo ya tare ni a ƙofar makarantar da nake koyar da lissafi, riƙe da takardar sakamakon ƴarsa. Ba ya karanta Faransanci, amma ɗan kasuwa ne, ya san lambobi. Ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Mushe, ba goma kuka ce ana nema ba? To ga goma nan. Don me aka ce ta maimaita aji?" Na duba, na ga 10,00 bisa 20, cif-cif, kuma a gabanta an rubuta cewa yarinyar ba ta wuce ba. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka ba ni zuwa gobe."

Ni ne na shirya jadawalin Excel da muka yi lissafin makin ajin da shi, saboda haka ban yi dogon bincike ba. A layin da ke yanke hukunci na rubuta =SI(F2>10;"Passe";"Redouble"). Ma'anarsa, idan mwayen ɗin yaro ya haura goma ya wuce, in ba haka ba ya maimaita. Dokar makaranta kuwa cewa ta yi daga goma zuwa sama. Abin da ya kamata in rubuta shi ne >=, sai na bar alama ɗaya. Goma ba ta fi goma ba, don haka kwamfuta ta amsa da FAUX, kuma ba ta yi kuskure ba. Washegari da na kai wa dattijon takardar da aka gyara, ya faɗa mini cewa a gida an riga an yanke shawara: in dai maimaitawa za ta yi, gara ta zauna ta taya mahaifiyarta aiki.

Tun daga ranar na daina ɗaukar waɗannan ƙananan alamomi a matsayin abin wasa. Yau yaranmu suna fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, wasu a makaranta, wasu a wayar salula, kuma cikin darussan farko akwai abu biyu: ƙima mai fuska biyu kacal, gaskiya ko ƙarya, da alamomin kwatanta abu biyu, wato daidai, ya fi, bai kai ba. Ana wuce darasin da sauri don ana ganin mai sauƙi ne. Na bi tarihinsa, na tarar ya ɗauki ɗan Adam fiye da shekara dubu biyu kafin ya kai ga wannan sauƙin, kuma wani ɓangare na hanyar ya bi ta ƙasarmu.

Maganar da ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa

Wanda ya yi karatun zaure ya san rabon da malaman balaga da na manɗiƙi suke yi wa magana. Akwai wadda za a iya ce wa mai ita "ka yi gaskiya" ko "ka yi ƙarya", kamar "an yi ruwa a Tasawa jiya". Akwai kuma wadda ba ta karɓar wannan hukunci, kamar umarni ko tambaya. Idan ka ce wa yaro "kawo buta", ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Nau'in farko shi ne duk abin da kwamfuta take yanke hukunci a kansa. "Mwayen ya haura goma" magana ce irin wannan, ba ta da amsa ta uku.

Wanda ya fara tsara wannan ilimi a rubuce shi ne Arisɗo na ƙasar Girka, a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya kafa ƙa'idar cewa magana ɗaya ba ta zama gaskiya da ƙarya a lokaci guda ta fuska guda, ya kuma nuna yadda ake fitar da sakamako daga maganganu biyu da aka yarda da su. An fassara littattafansa zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa a Bagadaza. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi musu sharhi har aka yi masa laƙabi da malami na biyu, wato bayan Arisɗo. Ibn Sina ya faɗaɗa ilimin, Imam Gazali kuma ya sa gabatarwa ta manɗiƙi a farkon littafinsa na usulul fiƙhi, Al-Mustasfa.

Ba duka malamai ne suka yarda da shi ba. Imam Suyuɗi na Masar ya yi rubutu yana hana shagaltuwa da manɗiƙi. Cikin waɗanda suka mayar masa da martani akwai Shehu Muhammad bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, wanda a wajen 1490 ya bi ta ƙasar Ayar, ya je Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya je Katsina, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammad. Almagili ya yi rubuce-rubuce a kan manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare ilimin. Ba da jimawa ba, a ƙarni na 16, wani malami daga yankin Biskara a Aljeriya ta yau, Abdurrahman Al-Akhdari, ya tsara manɗiƙi a ɗan ƙaramin littafin waƙe mai suna Sullam, don ɗalibai su haddace. Shi ne dai mai littafin Ahalari da yaranmu suke fara koyon tsarki da salla da shi. Sullam ya shiga zaurukan karatu na ƙasashenmu, kuma har yau ana karanta shi.

Ba ina nufin waɗanda suka ƙera kwamfuta sun karanta Sullam ba. Abin da nake nufi shi ne rijiya ɗaya aka sha. Manɗiƙin Arisɗo ya bi hanya ɗaya ya zo mana da Larabci, ya bi wata ya shiga makarantun Turai da Latin. Uban da yake ganin darasin gaskiya da ƙarya na kwamfuta baƙon abu ne, ya sani cewa kakanninsa sun yi muhawara a kan tushensa.

Alamomin da muke rubutawa a allo

Manɗiƙi na da ana yinsa ne da kalmomi. Lissafi ma haka, na dogon lokaci. Alamar = da muke ganin kamar da ita aka halicci lissafi, wani likita ne ɗan yankin Wales a Birtaniya, Robert Recorde, ya fara amfani da ita a littafinsa na 1557. Ya gaji da maimaita kalmomin "daidai yake da", sai ya zaɓi layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, bisa hujjar cewa ba wasu abubuwa biyu da suka fi su daidaituwa. Shekara ɗaya bayan haka ya rasu a gidan yari saboda bashi.

Alamomin < da > sun fito a littafin aljabara na Thomas Harriot, Baturen Ingila, wanda aka buga a 1631, shekara goma bayan rasuwarsa. Alamun "ya kai ko ya fi" da "bai wuce ba", wato ≥ da ≤, sun zo daga baya, kuma ana danganta su ga Bafaranshe Pierre Bouguer a 1734. Wato kusan shekara ɗari ke tsakanin alamar da na rubuta a jadawalina da wadda ya kamata in rubuta. Su ma manyan masana sai da suka ga buƙatar raba "sama da goma" da "daga goma".

A wannan tsakani ne Bajamushe Gottfried Leibniz, wanda ya rayu daga 1646 zuwa 1716, ya yi mafarkin wani abu mai girma. Yana son a samu rubutu na alamomi wanda in mutum biyu suka yi saɓani, maimakon gardama, sai su zauna su lissafa su ga wanda ke da gaskiya. A 1703 ya rubuta bayani a kan ƙirga da lambobi biyu kawai, 0 da 1, ya miƙa wa cibiyar kimiyya ta Faris. Bai kai ga haɗa abubuwan biyu yadda yake so ba, kuma yawancin rubuce-rubucensa na manɗiƙi sun zauna a ajiye ba a buga ba har bayan mutuwarsa da daɗewa.

Ɗan mai ɗinkin takalmi

Wanda ya cika aikin malamin makaranta ne irinmu. An haifi George Boole a garin Lincoln na Ingila a 1815. Mahaifinsa mai ɗinkin takalmi ne wanda hankalinsa ya fi karkata ga lissafi da haɗa madubin hangen nesa fiye da sana'arsa. George bai je jami'a ba. Ya koyi Latin da taimakon wani mai sayar da littattafai, ya koya wa kansa Girkanci da Faransanci da Jamusanci. Da sana'ar mahaifin ta durƙushe, ya kama aikin koyarwa yana ɗan shekara 16 don ya ciyar da gida. Yana ɗan shekara 19 ya buɗe makarantarsa a Lincoln. Da rana yana aji da yara, da dare yana karanta manyan littattafan lissafi na Faransawa shi kaɗai.

A 1844 babbar ƙungiyar masana ta Ingila, Royal Society, ta ba shi lambar zinariya a kan wani aikinsa na lissafi. A 1847 ya fitar da ɗan littafi a kan yadda za a yi manɗiƙi da aljabara. A 1849 aka naɗa shi farfesan lissafi na farko a sabuwar kwalejin garin Cork a Ireland, ba shi da digiri ko ɗaya, a lokacin da ƙasar take fama da babbar yunwar da lalacewar dankali ta jawo. A 1854 ya fitar da babban littafinsa a kan dokokin tunani.

Dabararsa kowane makiyayi zai gane ta. Ka ce x yana nufin fararen abubuwa, y yana nufin tumaki. To xy, wato x sau y, yana nufin abin da ya haɗa siffofin biyu: fararen tumaki. Wannan misalin nasa ne. Yanzu in ka shiga garke ka ware tumaki, sannan ka sake ware tumaki daga cikin waɗanda ka ware, me za ka samu? Su ɗin dai. Saboda haka y sau y daidai yake da y. A lissafin da muka saba ba haka ba ne, uku sau uku tara ne. Lambobi biyu kaɗai ne suke dawo da kansu idan aka ninka su da kansu, 0 da 1. Daga nan Boole ya ga cewa ana iya gudanar da manɗiƙi kamar aljabarar da ba ta da lambobi sai waɗannan biyun. Ɗaya shi ne komai, sifili shi ne babu. Idan aka juya ga maganganu, ɗaya shi ne gaskiya, sifili shi ne ƙarya. "Da" ya zama ninkawa, "ko" ya zama tarawa, "ba" ya zama cirewa daga ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar Arisɗo, cewa abu ba ya zama tunkiya kuma ba tunkiya ba, ta koma ɗan gajeren lissafi: y sau (1 − y) daidai yake da sifili.

Boole bai ga wata na'ura ta yi aiki da wannan ba. A ƙarshen 1864 ya taka zuwa kwaleji cikin ruwan sama don kada ya rasa darasi, ya koyar da jiƙaƙƙun kaya, ciwon huhu ya kama shi, ya rasu yana ɗan shekara 49. Ya bar mata da ƴaƴa mata biyar ƙanana. Matar, Mary Everest Boole, ta yi sauran rayuwarta tana rubutu a kan yadda ake koya wa yara lissafi ta hanyar wasa da aikin hannu, kuma ɗaya daga cikin ƴaƴan, Alicia, ta zama masaniyar lissafi ba tare da ta je jami'a ba.

Wasu masana sun gyara aikinsa bayansa. Gyara ɗaya ya shafi kalmar "ko". Mu ma a Hausa "ko" iri biyu ne. In mai shayi ya ce "shayi ko kofi?", ɗaya yake nufin ka zaɓa. In jami'i a shingen hanya ya ce "katin ɗan ƙasa ko fasfo", wanda ya nuna duka biyun ba za a tsare shi ba. Boole ya taƙaita tarawarsa ga abubuwan da ba su haɗu ba. William Stanley Jevons ne ya ce a bar "ko" ta haɗa har da mai duka biyun, kuma wannan ita ce "ko" ɗin da kwamfuta take amfani da ita yau, OU a Excel na Faransanci, or a Python. Yaro da yawa yana tuntuɓe a nan don ya zo da "ko" ɗin mai shayi.

Daga takarda zuwa wayar lantarki

Aljabarar Boole ta yi fiye da shekara saba'in tana zaune a sashen falsafa da lissafi. A 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, Claude Shannon, yana aiki a kan wata babbar na'urar lissafi mai cike da makunnan lantarki. Ya tuna da aljabarar Boole da ya gani a wani darasin falsafa a jami'ar Michigan, sai ya lura cewa makunni ma hali biyu gare shi, a kunne ko a kashe. Ka ɗauki ƙwan fitilar ɗakinka. Ba zai kama ba sai babban makunnin gida yana kunne kuma na ɗakin yana kunne, domin a jere suke a kan waya ɗaya. Wannan shi ne "da". In kuwa aka yi wa wutar hanyoyi biyu, kowace da makunninta, ko wanne aka kunna fitila za ta kama. Wannan shi ne "ko". Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu, wanda aka buga a 1938, cewa duk wani tsarin makunnai ana iya rubuta shi da aljabarar Boole, a sauƙaƙa shi a takarda kafin a taɓa waya. A wannan zamanin Akira Nakashima a Japan da Victor Shestakov a Tarayyar Sobiyet sun kai ga irin wannan fahimta, kowa ta hanyarsa. Wayar da ke aljihunka yau tana ɗauke da biliyoyin irin waɗannan makunnai, ƙanana ƙwarai, suna yin "da" da "ko" da "ba".

Da aka fara ƙirƙiro harsunan rubuta manhaja, kwatantawa ba ta zo da siffarta ta yau nan take ba. A FORTRAN na farko, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, ba ka tambayar ko A ta fi B. Sai ka cire B daga A, ka ba na'ura wurare uku da za ta nufa: in sakamakon ya gaza sifili, in sifili ne, in ya haura. Daga baya, a FORTRAN IV, aka kawo ƙimar gaskiya da ƙarya, amma da yake na'urorin huda kati na lokacin ba su da alamomin Harriot, sai ana rubuta .GT. a madadin > da .LT. a madadin <. Harshen ALGOL 60, wanda masana daga Turai da Amurka suka tsara, ya sanya wa wannan nau'in ƙima sunan Boole, kuma sunan ya zauna. Shi ya sa littattafan yaranmu na Faransanci suke cewa booléen.

Sai matsalar alamar Recorde. A lissafi, x = 5 magana ce da za a iya gaskatawa ko ƙaryatawa. A manhaja kuwa ana buƙatar abu biyu: umarnin "zuba biyar a cikin x", da tambayar "shin x biyar ne?". Rabon nan ne dai na malaman balaga, tsakanin umarni da labari. ALGOL da Pascal sun bar = ga kwatantawa, suka yi := don zubawa. A darasin algoritim a makarantunmu kibiya muke zanawa. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs a wajen 1972, ya bi wata hanya: = don zubawa, == don kwatantawa, bisa hujjar cewa zubawa ta fi yawa a manhaja, don haka ita ta cancanci gajeriyar alama. Java da JavaScript da Python duk sun gaji wannan. Kuma a C, duk lambar da ba sifili ba gaskiya ce, sifili ƙarya ne. Harshen bai samu nau'in ƙimar Boole na kansa ba sai a 1999.

Ga abin da wannan ya iya haifarwa. A watan Nuwamba na 2003 wani da har yau ba a san ko wane ne ba ya kutsa cikin wani kwafi na manhajar Linux, ya ƙara layuka biyu. Ga mai karatu da sauri, layin yana tambaya ne ko mai amfani da na'urar shi ne babban mai iko, wanda lambarsa sifili ce. Amma an rubuta = ɗaya a inda ake zaton ==. Don haka layin ba tambaya yake yi ba, yana mayar da lambar mutum sifili ne, wato yana ba shi cikakken iko a kan na'urar. Masu kula da manhajar sun gano canjin don bai dace da asalin ma'ajiyarsu ba, aka cire shi kafin ya isa ga jama'a. Da ya wuce, da ƙofa ce a buɗe a cikin dimbin kwamfutoci. Python, wanda masu farawa da yawa suke koya yau, yana ƙin karɓar = ɗaya a cikin sharaɗi, ya tsayar da kai ya ce ka yi kuskure. Shi ma sai a 2003 ya samu nau'in ƙimar Boole, kuma har yau in ka tara True da True zai ba ka 2. Excel ma haka yake yi da VRAI. Ɗaya da sifilin Boole suna nan a ƙarƙashi.

Abin da tarihin ya koya mini a aji

Na farko, kuskure a bakin iyaka yake ɓuya. Jadawalina ya yi daidai ga mai 14 da mai 6, shi ya sa ban ga komai ba. Yanzu duk sharaɗin da na rubuta, ko ɗalibi ya rubuta, sai mun gwada shi da lambobi uku: 9,99 da 10 da 10,01. Haka ma darajojin sakamako. Assez bien daga 12 ne zuwa ƙasa da 14, wato mwayen >= 12 DA mwayen < 14. In aka sa <= a gefe na biyu, mai 14 zai faɗa gida biyu. In aka sa > a gefe na farko, mai 12 zai rasa gida.

Na biyu, abin da ido ya gani ba lallai shi ne abin da na'ura ta riƙe ba. Gidan Excel yana iya nuna 10,00 alhali a ciki 9,996 ne, sai >= 10 ya ba da FAUX. Ko za a cika wannan ya zama goma, shawara ce ta majalisar malamai, kuma in an yanke ta sai a rubuta ta a fili da ARRONDI, a yi wa kowa daidai. A Python, in ka tambaya ko 0.1 + 0.2 == 0.3, amsar False ce, domin na'ura da 0 da 1 take ajiye lambobi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a wannan ƙirga, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a tamu. Akwai kuma bambancin lamba da rubutu. In sakatare ya buga 8.5 da ɗigo a maimakon waƙafi, Excel na Faransanci yakan ɗauke shi rubutu, kuma a wurinsa kowane rubutu ya fi kowace lamba, sai mai takwas da rabi ya wuce. A Python ma "9" > "10" gaskiya ce in duka biyun rubutu ne, don harafi-harafi yake dubawa kamar ƙamus.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, duniya ba kullum take amsa da i ko a'a ba. Yaron da bai zo jarrabawa ba saboda zazzaɓi bai ci sifili ba, makinsa ne ba a sani ba. Excel kuwa in ka kwatanta gidan da ba komai a ciki da lamba, sifili yake ɗaukarsa. Haka yaron da takardar haihuwarsa ta ce né vers, an haife shi wajen shekara kaza, aka sa masa 1 ga Janairu don a cike gurbi. In aka kwatanta wannan kwanan wata da iyakar shekarun shiga wata gasa, na'ura za ta amsa da cikakken tabbaci a kan abin da ba wanda yake da tabbacinsa. Masana sun daɗe da ganin wannan giɓi. Jan Łukasiewicz na Poland ya tsara manɗiƙi mai ƙima uku a 1920, kuma harshen SQL da ake sarrafa manyan rumbunan bayanai da shi yana da amsa ta uku, "ba a sani ba". Amma mai rubuta manhajar ne zai tuna ya yi mata wuri.

Koyar da wannan ba ya buƙatar ɗakin kwamfuta, kuma yawancin makarantunmu ba su da shi. Nakan ce wa aji, "Duk wanda yake mace DA ya kai shekara 13 ya miƙe." Sannan in canza "da" zuwa "ko", su ga yadda rabin ajin ya ƙaru. Sannan in ce "wanda ya haura 13", masu 13 cif su zauna suna gunaguni. A minti goma sun fahimci abin da Harriot da Bouguer da Boole suka bari. Inda akwai kwamfuta, manhajar Scratch da jami'ar MIT ta fitar a 2007 tana ba sharuɗɗa siffa ta daban mai kusurwa shida, ta yadda yaro ba zai iya cusa umarni a gurbin tambaya ba.

Ga iyaye kuma, abin da dattijon nan ya yi shi ne daidai. Sakamakon jarrabawa, jerin waɗanda za a ba tallafi, cancantar bashi, duk suna komawa hannun manhajoji, kuma a ƙarƙashin kowane "an ƙi" akwai sharaɗin da wani mutum ya rubuta, mai yiwuwa cikin gajiya da dare kamar yadda na rubuta nawa. Idan aka ce maka "kwamfuta ce ta faɗa", kana da haƙƙin ka tambaya wace tambaya aka yi mata. Shi bai san Excel ba, bai san Boole ba, ya dai san cewa goma goma ce, ya taka ya zo.

Da na sake duba jadawalin a daren nan, na tarar da wani yaro guda shi ma mai goma cif, wanda ba wanda ya zo dominsa. Na gyara nasa, na kai wa shugaban makaranta da kaina na faɗi abin da na yi. Yarinyar tana ajin turwaziyem yanzu, tana shirin BEPC. Allah ya ba su sa'a, mu kuma ya sa mu riƙe amanar abin da muke rubutawa a kan ƴaƴan mutane.